AC ya ƙi sanyi? Kar ka yi saurin sayen kwamfiresa

Yau hirarmu a kan AC ɗin mota ce. Ka san yanayin nan: watan Afrilu, rana ta take, ka danna maɓalli, fanka na hurawa, amma iska mai zafi ke dukanka a fuska. Ka shiga gareji, tun kafin a ɗaga banet wani ya ce, "Oga, kwamfiresa ce ta mutu." Tsaya tukuna. Sau da yawa kwamfiresar lafiyarta ƙalau, kulocinta ne bai kama ba.

To mene ne kulocin? A gaban kwamfiresa akwai fuli da bel ke juyawa muddin inji na aiki. A fuskar fulin kuma akwai faifan ƙarfe. Idan ka kunna AC, wuta volt 12 ta shiga koyil, koyil ya zama maganaɗisu, ya fizgo faifan ya manne da fuli. Shi ne ƙarar "ƙas" ɗin da kake ji. Don haka ka tada mota, wani ya kunna AC, kai kuma ka leƙa. In fuli na juyawa amma faifan tsakiya na tsaye, kuloci bai kama ba. Don Allah a janye hannu da riga daga bel da fanka.

Daga nan a fara da mai arha. Na farko fiyus: a bayan murfin akwatinsu akwai zanen da ke nuna na AC. In ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi. In ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa bodi, ko koyil ya lalace. Na biyu rile: in na hon iri ɗaya ne da shi, ka musanya su ka gwada.

Na uku gas, kuma nan ne matsalar ta fi yawa. Akwai wani suwic da ke lura da ƙarfin gas a cikin bututu. In gas ya tsiyaye, sai ya yanke wa kuloci wuta da gangan. Me ya sa? Saboda man da ke shafe cikin kwamfiresa tare da gas yake zagayawa. Ka ga ke nan masu cewa "bari mu haɗa mata waya kai tsaye" ba taimakonka suke yi ba. Kuloci zai kama, e, amma kwamfiresa za ta yi ta gudu a bushe har ta cinye kanta. Gyaran da bai kai ya kawo ba ya koma babban asara. A sa geji a auna, a nemo inda yake yoyo a gyara, sannan a zuba irin gas ɗin da aka rubuta a takardar ƙarƙashin banet, galibi R134a.

In gas ya cika, sai a sa mita a soket ɗin kwamfiresa. Wuta na zuwa amma shiru? A auna koyil, yawanci yana ba da om 3 zuwa 5. In koyil lafiya, a duba tazarar faifai da fuli, wadda ba ta wuce kusan rabin milimita. In faifan ya cinye, za ka ga AC na aiki da safe, inji na yin zafi ya saki. Wani lokaci cire siririn washa ɗaya a bayan faifan ya wadatar.

A lura, wasu sababbin motoci ba su da irin wannan kulocin, kullum tsakiyar na juyawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ciro kuɗin kwamfiresa, ka tambayi makanike abu uku: ka duba fiyus da rile? Nawa geji ya nuna? Wuta na isa soket? Mai sanin aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kai mu, Ya tsare hanya.