Nauyin Ɗaukaka: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Birane

Ranka ya daɗe Dagacin Fulatan, malamanmu, shugaban ƙungiya, iyayena da 'yan'uwana.

An nemi in yi magana kan nasara, ni kuwa zan yi magana kan nauyinta. Ranar da aka ba ni takardar ƙarin girma zuwa darakta, gidanmu ya cika da masu murna, amma daren nan ban runtsa ba. Zuciyata tana ta raya mini cewa yaron da ya tashi yana noman gero da kiwon awaki a ƙasar Rogo bai isa ya shugabanci waɗanda suka yi karatu a Ingila ba, kuma wata rana asirina zai tonu.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi nazari kan mata masu manyan matsayi waɗanda ke ganin sa'a ce kawai ta kai su can. A gida kuma, marigayi Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta, kujerar majalisar dattawa yake so, sai ga shi an ɗora masa shugabancin ƙasa a 1979. Ya karɓa, bai ce ƙauyen da ya fito ya hana shi ba.

Nauyi na biyu daga gida yake zuwa: kuɗin makaranta, kuɗin taki, kuɗin magani, ga masu neman aiki. Hakki ne a kanmu, ban musa ba. Amma wanda ke shakkar kansa ba ya iya cewa babu, don yana tsoron a ce ya manta asali. Haka na ci bashi shekara biyu don kada a ga gazawata, har hawan jini ya kwantar da ni. Ta wannan ƙofa ce wasu ke miƙa hannu ga dukiyar hukuma, su zubar da mutuncinsu da na garinsu.

Shawarata uku ce. Na farko, ku gode wa Allah, ku kuma yarda cewa jarrabawar da kuka ci ku kuka zauna kuka rubuta ta. Na biyu, ku ware abin da za ku iya bayarwa kowane wata, ku faɗa wa dangi gaskiya. Daidai ruwa daidai tsaki. Na uku, mu ƙarfafa asusun ƙungiya domin karatun yara da jinya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyayenmu, idan ɗanku ya zo hutun salla, kafin ku jera masa buƙatu, ku tambaye shi lafiyarsa.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.