Daga Ina Albashin 'Yan Ƙwallo Yake Fitowa?



Kwamitin ilmi ya nemi mu yi tsokaci a kan maganar da ta cika bakin yaranmu, har wasu suna ƙyamar aji saboda ita, wato maƙudan kuɗin da ake biyan 'yan ƙwallo. Mu da muka tsufa da alli a hannu ba mu yarda da lissafin da ba a san mafarinsa ba.

A Ingila babban tushen albashin shi ne talabijin. Gasar Firimiya ta sayar da izinin nuna wasanninta a cikin ƙasar, daga 2025 zuwa 2029, a kan fam biliyan 6.7, ban da abin da ƙasashen waje suke biya. Sai tallan kamfanoni a ƙirjin riga, sai kuɗin ƙofa. To, a lura: abin da saurayi yake miƙawa a gidan kallo a Rabah ko Wurno ko Goronyo, da shi mai gidan yake biyan DStv, ita kuma ta biya masu gasar. Ashe ribar albasar fadamarmu, komai ƙanƙantarta, tana cikin albashin nan.

A gida kuwa lamarin dabam ne. Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce, Katsina United ta Katsina, Sokoto United mai wasa a filin Giginya ta jiharmu. Kuɗin ƙofa ba su riƙe kulob. Daga baitulmali albashi yake fitowa, tukunya ɗaya da na malamin firamare da ma'aikacin asibiti, kuma mu 'yan fansho mun san yadda tukunyar nan take jinkirin tafasa. Dambe da kokawa na bayan girbi sun fi wannan tsari bayani, domin a gaban kowa ake yi wa gwani kyauta, kowa ya ga hannun da ya bayar.

Hanya ta uku, wadda ta fi shafarmu, ita ce cinikin ɗan wasa. Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa Holan a 2010, a 2016 kuma Leicester ta saye shi daga CSKA ta Rasha a kan fam miliyan 16 da 'yan kai. Dokar FIFA ta ce idan aka yi irin wannan ciniki daga ƙasa zuwa ƙasa, a ware kashi 5 cikin 100 a raba wa kulob-kulob ɗin da suka reni yaron daga shekara 12 zuwa 23. Kashi 5 na miliyan 16, fam 800,000 ke nan. Amma sai kulob mai rajista, wanda sunan yaron yake cikin littafinsa. Yaranmu suna ta gumi a filin firamare, babu takarda ko ɗaya da ta san da su. Nan ne dillalan ƙarya suke shigowa, har uba ya sayar da gona don a kai ɗansa gwaji Turai, alhali kulob na gaskiya shi yake biya, ba ya karɓa.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta ware wani abu daga gudummawar bana, a yi wa kulob ɗaya na yaran Rabah rajista a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, da sharaɗin ba a rubuta sunan yaro sai hedimastansa ya sa hannu cewa yana zuwa makaranta. 'Yan'uwanmu lauyoyi da ke Sakkwato su taimaka da takardun.