Idan Sankarar Mafitsara Ta Bazu

 Fitsarin jini, ko babu zafi, a gaggauta kai shi asibiti, domin tsohuwar tsargiya da shan taba kan haifar da sankarar mafitsara. Idan ta bazu zuwa ƙashi, huhu ko hanta, tiyata ba ta kawar da ita, amma akwai sauran magani. Ƙarin ruwan cisplatin da gemcitabine yana rage mata ƙarfi, bayan an auna ƙoda. Gashin na'ura yana tsayar da jini, morfin kuma yana kwantar da raɗaɗi. Ku nufi Babban Asibitin Duwala ko Laquintinie. Kafin ku taɓa jarin kasuwa, ku tambayi likita amfanin kowane magani da kuɗinsa. Allah Ya ba da lafiya.