AMSOSHIN WASIƘUNKU: Zafin Jiki Da Ciwon Bayan Iyayenmu Mata

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Tsiga a ƙaramar hukumar Bakori, daga wani manomi mai sana'ar hatsi. Ya ce mahaifiyarsa ta haura shekara 50, jinin al'ada ya ɗauke mata shekara biyu ke nan. Tun daga lokacin sai zafi ya riƙa taso mata cikin dare, gumi ya jiƙa ta sharkaf, barci ya gagara, ga ciwon baya ga saurin fushi. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce jifa ne. Shi kuwa yana sayo mata ƙwayoyi wurin masu tallar magani ran kasuwa. Yana tambaya, mene ne ke damunta?

To Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da lafiyar mahaifiya. Ka kwantar da hankalinka. Abin da ka zayyana ya yi daidai da abin da mata da yawa kan gamu da shi idan haila ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata kan kai wannan mataki tsakanin shekara 45 zuwa 55. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma ba ciki ba wata cuta, to ta kai ke nan.

Ga yadda abin yake. A jikin ɗan Adam akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira homon, waɗanda ke bin jini suna kai saƙo ga sassan jiki kamar 'yan aike. Ɗaya daga cikinsu shi ne istirojin, wanda gidan ƙwan mace ke samarwa. Idan shekaru suka ja sai ya ragu ƙwarai. Raguwar nan ita ke rikita ma'aunin zafi na jiki, har mace ta ji kamar an hura mata wuta alhali ana sanyi. Wannan kan lafa da kansa bayan 'yan shekaru.

Amma akwai ɓarnar da ba a gani, wato ta ƙashi. Ku ɗauki ƙashi kamar rumbu: kullum ana ɗiba, kullum ana zubawa. Hatsin wannan rumbu shi ne sinadarin kalshiyam, istirojin kuwa shi ne mai gadin da ke hana a ɗiba fiye da kima. Da mai gadi ya tafi, sai ɗiba ta fi zubi, musamman a shekarun farko. Shi ya sa za ka ga tsohuwa ta rage tsawo, bayanta ya ranƙwafa, ko ta zame a banɗaki ƙugu ya karye.

To abincinmu fa, yana cika rumbun? Wani likita ɗan Amurka, Dakta Thomas Thacher, wanda ya daɗe yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, shi da abokan aikinsa sun yi bincike a kan yara masu lanƙwasar ƙafa da gwame. A da an ɗauka rashin bitamin D ne ke kawo haka, bitamin ɗin da fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Amma ina rashin rana a ƙasarmu? A sakamakon da suka fitar a 1999, bayan gwaji kan yara 123, sun gano waɗanda aka bai wa kalshiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai. Abincin yaran, wanda yawancinsa masara ce, kalshiyam ɗin cikinsa bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. A 2015 kuma suka nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa yana warkar da cutar.

Binciken nan kan yara aka yi shi, amma ai tukunya ɗaya ce ke ciyar da jika da kaka. Mu nan yankin Funtua da Malumfashi, tuwon masara ne safe da dare, ga shi mace mai irin shekarun mahaifiyarka tana bukatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana.

Saboda haka Malam, ga shawarata. Na farko, nono. Kofi guda na nonon shanu, wato rubu'in lita, yana da kimanin miligiram 300, muddin ba a tsinka shi da ruwa ba. A dama mata fura da nono kullum idan da hali. Na biyu, miyar kuka da kwaɗon zogale da riɗi, duk suna da kalshiyam. A daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu a zuba cikin miya. Na uku, wake da waken suya da gyaɗa da ƙwai, don tsoka ta yi ƙarfin riƙe jiki. Mu da muke loda buhunan waken suya a mota, a bar ko tiya biyar ce a gida.

Kada kuma a ce ta tsufa a zaunar da ita a ɗaki. Ta fito tsakar gida ta sha hantsi, ta taka ta ziyarci 'yan'uwa, don ƙashi da motsi yake ƙarfi. A gyara santsin makewayi, a ajiye mata tocila kusa da shimfiɗa.

Sai maganar ƙwayoyin kasuwa, kuma nan nake so kowa ya buɗe kunne. Cikin haɗin da ake ƙullawa a leda akan sami wata ƙwaya mai suna dezametazon, wadda wasu ke sha don ƙiba. Tana kashe ciwo nan take, shi ya sa ake yabonta. Amma idan aka daɗe ana sha tana cinye ƙashi, tana tayar da sukari da hawan jini. Wanda ya daɗe a kanta kuma, tsayarwa lokaci ɗaya na da haɗari. Ka kwashi ragowar ƙwayoyin ka kai Inna babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, likita ya gani da idonsa, a auna mata sukari da hawan jini, a duba bayan nan.

Abu na ƙarshe, ku gaya wa matanku su gaya wa iyaye, tunda kunya kan hana su faɗa wa ɗa namiji. Duk macen da jini ya ɗauke mata shekara guda sannan ya dawo, ko ɗigo ne, ta je asibiti ba tare da jinkiri ba, don yana iya zama alamar ciwon daji na mahaifa, wanda ake iya shawo kansa idan an gano da wuri.

Batun faɗa kuwa, Malam, wanda bai yi barci ba ai ba a rasa shi da fushi. A yi haƙuri da ita kamar yadda ta yi da mu. Ka gaishe mana da Inna, Allah ya ba ta lafiya.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.