Ƙasar da Take Riƙe Ruwa: Jawabi ga Masu Lambu a Kilomita Biyar

 

Da yawanku kun baro gonaki a garuruwanku, yau ga ku a nan PK5 kuna shuka alayyafo da kuɓewa a bayan ɗaki ko a cikin buhu. Daga Disamba zuwa Maris rani ne a Bangui, kowace jarka kuma sai yaro ko mace ta sha layin famfo. Saboda haka yau maganarmu a kan yadda ruwan da kuka zuba zai daɗe a ƙasa take.

A cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Yawancinsu ba sa kawo cuta. Suna cin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, sai su fitar da yauƙi kamar na miyar kuɓewa. Yauƙin nan ne ke haɗa ƙwayoyin ƙasa su dunƙule, a samu ƙananan ƙofofi da ruwa zai shiga ya zauna. Jar ƙasar da aka tattake ta rasa wannan, shi ya sa ruwa ke gudu a kanta.

Ku gwada a gida. Ku ɗauko busasshen dunƙulen ƙasa daga fili mara ciyawa, da wani daga gindin bishiya, ku sa kowanne a kofin ruwa. Za ku ga na farko ya fi saurin narkewa.

A cibiyar IITA da ke Ibadan a Najeriya ana haɗa garin bakteriya mai suna NoduMax, ana cuɗa shi da irin waken suya kafin shuka. Aikinsa taimaka wa saiwa ta samu abinci daga iska. Ba sai kun jira shi ba. Ku tuge gyaɗa ko wake ku duba saiwar: ƙananan ƙullutan da ke jikinta gidan irin waɗannan bakteriya ne. In kun fasa kuka ga ja-ja, suna aiki.

Manoman Illela a jihar Tahoua ta Nijar sun farfaɗo da ƙasar da ta zama fako ta hanyar tassa: a haƙa ƙaramin rami, a zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya sauka. Mu ma za mu iya.

Ga abin da muke roƙo. Kada ku ƙone ganye da ɓawon rogo. Ku tara su a rami da kashin awaki, ku riƙa yayyafa ruwa kuna juyawa, ku jira kamar wata uku. Ku rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa. Ku haɗa wake ko gyaɗa a lambun, bayan girbi ku bar saiwar a ƙasa. Ban ruwa kuma da sassafe ko da yamma.

Kashedi biyu: kada a zuba ruwan wanki mai javel a lambu, yana kashe ƙwayoyin nan. Kada kuma a sa bayan gida ko ɗanyen taki a kan ganyen da za a ci, domin lafiyar yaranmu.

Ƙasa ba ta gyaruwa a mako ɗaya, amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a abin da muka shuka. Mai tambaya ya ɗaga hannu.