Zama a birni ko komawa gida bayan ritaya: jawabin kwamiti a taron ƴan gari

Iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne, mazauna Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da waɗanda suka zo daga bida, muna yi muku barka da zuwa.

Kwamiti ya ɗora mana magana ɗaya. Da yawa cikinmu sun kai shekara 60 ko sun kusa, kuma kowa yana tambayar kansa: in na aje aiki, in zauna inda nake ko in koma gida? Ba mu zo mu zaɓa wa kowa ba. Abin da muke roƙo shi ne kada mutum ya bari sai takardar ritaya ta iso hannunsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da gona, don nan rigima take. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. Ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17. Mutane sun ninka uku, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Gonar da muka bar wa ƙane aro shekara 30 da suka wuce, yau ƴaƴansa ke ci a cikinta, wasunsu ma da iyali. Ranar da muka sauka da kaya muka ce a ba mu abinmu, gaskiya tana gare mu, amma zumunta za ta ji rauni. Tun 1993 akwai dokar karkara, kuma an kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, har a ƙauyuka, maigari ne shugaba. Suna ba da takardar gado, ta aro, ta jingina da ta saye. Mu je tun muna cikin aiki, a zauna da dangi, a zaga iyaka, a rubuta wane yanki zai dawo da kuma yaushe. A yi wannan tun dattawan da suka san iyakokin suna raye.

Sai lafiya. Ƙauye yana da iska mai kyau da fura mai kyau, kuma jika ɗaya a can ta fi auki. Amma mai hawan jini ko ciwon suga magani yake sha kullum, kuma yana son awo a kai a kai. Ƙaramar likita ta gari ba ta iya komi da komi. Kowa ya lissafa kilomita nawa ne daga ƙofar gidansa zuwa babban asibiti, kuma yaya hanyar take a watan Agusta in ƙorama ta kawo. Ya tambayi inda zai riƙa karɓar fansho da kuɗin motar zuwa da dawowa. Ɗan kasuwa da lebura da ba su da fansho, su ma su yi lissafin abin da zai ciyar da su daga shuka zuwa girbi.

Sai iyali. Mu ne muka tashi a ƙauye. Ƴaƴanmu a birni aka haife su, can suke lakkol. Uwargida tana da sana'arta, da adashinta, da maƙwabtan da ta zauna da su shekaru. Wanda ya yanke shawara shi kaɗai, sau da yawa shi kaɗai yake zama a sabon gidan. A tambayi mata, kuma a saurari amsarsu.

Mai son zama birni shi ma kada ya ɗauka ya tsira. In gidan haya yake, fansho bai kai albashi ba, kuɗin haya kuwa ba ya ragewa. Waɗanda suka ga 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, sun san yadda kuɗi ke narkewa a hannu, alhali rumbun hatsi da akuya suna nan. Kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai zama birni ya riƙa zuwa suna da jana'iza, ya gyara ɗakinsa kafin damana ta kada shi.

Shawarar kwamiti ita ce wannan. Shekara biyar kafin ritaya a fara maganar gona. Wanda ke da gida a birni kada ya sayar. Ya sa haya. Ya je ya yi damana ɗaya da rani ɗaya cikakku a gida, ya ga zafin Afrilu da wahalar ruwa da idonsa, sa'an nan ya yanke. In zaman ya karɓe shi, madalla. In bai karɓe shi ba, ya dawo ba kunya, kuma kada wani ya yi masa gori.

Muna roƙon duk wanda zai aje aiki cikin shekara biyar ya ba magatakarda sunansa bayan taro, domin kwamiti ya raka shi wurin maigari.

Allah ya ba mu tsufa mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.