Ciwon Kwatangwalo

Ɗan'uwa, matso kusa ka ji. Zancenmu na yau a kan ciwon kwatangwalo ne, wanda ya kan hana magidanci noma, har rumbunsa ya kwana wofi.

Ka san turmi da taɓarya? To, haka gaɓar nan ta ke. Kan ƙashin cinya a dunƙule ya ke, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu. Guringuntsi ya lulluɓe su don kada su gogi juna. In kana tafiya, kowane taki gaɓar tana ɗaukar kusan ninki 3 na nauyin jikinka. Tsufa ya kan cinye guringuntsin nan. Mai sikila kuwa, jini ne ya kan yanke wa kan ƙashin, har ya lalace. Galibi a kan ji ciwon a matsematsi, wani sa'i ya gangara har gwiwa.

Mutane da yawa, in ciwon ya kama su, sai su shimfiɗa tabarma su yi ta kwanciya. Wannan kuskure ne. Ƙafar da ba a mora, namanta ya kan saki, gaɓar ta sandare, ciwon ya ƙaru.

A manyan asibitoci akwai sashen gashin ƙashi. Kada sunan ya ruɗe ka, ba gashi kaɗai su ke yi ba. Za su duba ka tukuna, sa'an nan su koya maka motsin da ke ƙarfafa naman da ke riƙe da gaɓar. Ga misali. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, ka ɗaga ƙugunka sama, ka sauke a hankali, sau 10. In za ka dogara sanda, riƙe ta ta gefen ƙafa mai lafiya. Kada ka ƙosa, a kan yi mako 6 ko fi ana yi kullum kafin a ga amfani sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma fa ka kiyaye. In ka faɗi ka kasa taka ƙafar, ko zazzaɓi ya zo tare da ciwon, babu zancen motsi. A kai ka asibiti ran nan. Mai sikila kuma ya ga likita kafin ya fara kome.

To, ka ji. Nemi magani tun da rani, damina ta iske ka a tsaye.